Fatar cinya a kan gyambo: shin jijiyar za ta ɗauki nauyi?

Idan rauni ya ci nama har ƙashi ya bayyana, ko na harbin bindiga ne ko gyambon ciwon suga, ɗinki kaɗai ba ya rufe shi. Likitocin fiɗa sukan yanko fata da nama daga gefen cinya tare da jijiyar jinin da ke ciyar da su, su kai kan raunin, su ɗinke jijiyar da wata ta wurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Likitoci a ƙasar Sin ne suka fara bayyana wannan dabara a 1984. Kaurin jijiyar bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma idan jini bai bi ta ba, naman zai mutu.

To, yaya mutumin da jijiyoyinsa suka riga suka cushe da kitse? Tambayar ta shafe mu. Ban da ciwon suga da hawan jini da taba, akwai dalma. Ka tuna gubar da ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ciki har da Tungar Daji. Manyan da suka daka dutsen zinare su ma sun shaƙi ƙurar, kuma an san dalma tana jawo hawan jini, tana lahanta jijiyoyi.

Babbar jijiyar da ke shiga cinya tana rabuwa biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa gwiwa da ƙafa, ita ce kitse ya fi toshewa. Ɗayar ta nutsa cikin nama, kuma daga gare ta ne reshen da likita ke so ya fito. Wannan ta cikin ba ta cika toshewa ba, shi ya sa sau da yawa ake samun reshen da lafiyarsa ko a jikin dattijo mai ciwon suga.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Idan babbar hanya ta rufe, ai ɓarauniyar hanya ake bi. Haka jini yake yi: in jijiyar farko ta toshe, sai wannan reshen ya buɗe, ya ƙara kauri, ya riƙa zagayawa da jini zuwa gwiwa. Likita zai gan shi ƙato, gwanin sha'awa, alhali shi ke riƙe da ƙafar. Yanke shi na iya sa a rufe gyambo a rasa ƙafa. A ganina wannan haɗarin ya fi na mutuwar naman da aka dasa muni.

Don haka ake dubawa kafin a sa wuƙa. A taɓa bugun jini a ƙafa, a auna ƙarfin jini a idon sawu a raba da na hannu. Ƙasa da 0.9 alamar cushewa ce. Sai na'urar Dofla, in da hali a ɗauki hoton jijiyoyin, wanda yawanci sai a manyan asibitoci irin na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Idan za a yi wa naka wannan aiki, ka faɗa wa likita in ƙwaurinsa na ciwo in ya yi tafiya ya lafa in ya huta, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sanyi. Hakan na iya sa a koma ɗaya cinyar, ko a ɗauko naman daga gadon baya.