GIDAN DA BASHI YA HAU KANSA: Hattara Ga Mai Neman Araha A Kazaure Da Kewaye

A birnin Kazaure, kamar yadda yake a Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, ba a cika kafa allo a ƙofar gida a ce na sayarwa ne ba. Labarin a bakin dillali yake, kuma da raɗa yake faɗinsa: wane ya matsu, banki ya ɗibar masa wa'adi, in da kuɗi a hannu yau ma sai a sallama. Ma'aikacin gwamnati da ya shekara ashirin yana biyan haya, ko malamin Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu wanda kuɗin sallamarsa daga aiki ke tafe, idan ya ji irin wannan magana sai barci ya ƙaurace masa. Ba laifinsa ba ne, domin kuwa muradin kowane magidanci shi ne ya kwana a ƙarƙashin rufin kansa. Amma gidan da aka jinginar ba mai shi kaɗai ke sayar da shi ba, ko da kuwa shi ne ya aza tubalinsa na farko.

Dalilan matsuwar ba ɓoyayyu ba ne. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba 2020, fatake kuwa na wannan yanki, musamman na Ɓaɓura da ke bakin iyaka, da Jamhuriyar Nijar suke yawancin harkarsu. Aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023. Ran 29 ga Mayu na shekarar aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, sa'an nan juyin mulkin Nijar na watan Yuli ya sa aka sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Wanda ya ci bashi domin ya juya a kasuwa, jarinsa ya narke, kuɗin ruwa kuwa bai tsaya jiransa ba.

To, a nan akwai abin lura. A Nijeriya ba kasafai kuɗin gida ke sauka a lissafin Naira ba; Nairar ce ke zubewa a ƙarƙashinsa, masu saye kuma su ɗauke ƙafa. A Fabrairun 2024 buhun siminti ya kai Naira 10,000 a wurare da dama, har sai da gwamnati ta kira masu kamfanoni aka daidaita a kan 7,000 zuwa 8,000. Watau gidan da aka gina shekaru biyar kafin nan, ko an sayar da shi yadda aka kashe masa, mai saye ya ci riba, gama kuɗin ba za su sake gina rabinsa ba. Wannan ita ce gaskiyar arahar, kuma ita ce ke rufe wa mutane ido.

A ƙasar Amurka abin ya zo ta wata fuska dabam. Daga 2006 zuwa 2012 kuɗin gidaje ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyoyin mutane suka wayi gari bashin da ke kansu ya fi darajar gidan da suke ciki. Sai bankuna suka riƙa yarda mai gida ya sayar a kan abin da kasuwa ta taya, su karɓi abin da ya samu ko da bai cika bashin ba, saboda hakan ya fi musu sauƙi bisa ga ƙwace gida da yin gwanjonsa. Masu saye a can sun koyi darasi guda da wahala: mai gida yana iya cewa ya sallama, amma ciniki bai faɗa ba sai banki ya sa hannu, kuma sau da yawa akan yi watanni ana jira, daga bisani a ce an ƙi.

Darasin nan ya shafi Kazaure sarai. A ɗauka, alal misali, wani ɗan kasuwa ya ajiye takardar gidansa a banki ya karɓi rance, yanzu bashi da ruwansa sun kai Naira miliyan 12, alhali kuwa tayin da ya fi tsoka miliyan 9 ne. Idan mai saye ya ƙirga miliyan 9 ya danƙa wa mai gida a gaban dillali da shaidu biyu, aka yi addu'a aka watse, bai sayi kome ba tukuna. Takardar asali tana can cikin akwatin banki, haƙƙin banki kuma yana bin gidan duk hannun da ya shiga. In mai gida ya biya wasu buƙatu da kuɗin, abin da matsattse ya saba yi, wata rana sabon mai gida zai tarar da sanarwar gwanjo manne a ƙofarsa.

Hanyar da lauyoyi suka sani ita ce a zauna mutum uku. Banki ya rubuta adadin da ya yarda ya karɓa da ranar da tayin zai ƙare, ya kuma faɗa a rubuce cewa da zarar kuɗin sun shiga zai saki takardar mallaka tare da takardar warware jingina. Mai saye ya zuba kuɗin kai tsaye cikin asusun bashin, ba aljihun kowa ba. Kafin alƙalami ma kada ya fita sai wannan wasiƙa ta zo hannu. Sauran miliyan 3 ɗin kuwa, tilas ne a fayyace makomarsu: ko banki ya yafe, ko ya ci gaba da bin mai gida shi kaɗai ba tare da gidan ba. Wannan ya fi shafar mai sayarwa, wanda sau da yawa yakan zaci rabuwa da gida rabuwa da bashi ne, amma mai saye na kirki ba zai so ya gaji maƙwabtaka da rigima ba.

Bayan banki sai hukuma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukan filayen jiha a hannun Gwamna bisa amana. Sashe na 22 ya hana mai takardar Gwamna ya sayar ko ya jinginar ba tare da yardar Gwamna ba, sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi na amincewar Ƙaramar Hukuma a kan filayen gargajiya, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar rusasshe ne. Ba magana ce ta takarda kawai ba. A 1989, cikin shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar wani gida a Legas saboda ba a nemi yardar Gwamna ba, bankin ya rasa ikon sayarwa. A 1995 kotun ta sassauta, ta ce ana iya ƙulla yarjejeniya kafin a nemi yardar, amma mallaka ba ta kammala sai an same ta. Saboda haka tafiya Ma'aikatar Filaye da ke Dutse domin a duba rajista ba ɓata kuɗin mota ba ne. A nan ne ake ganin ko sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, ko an yi wa jinginar rajista, ko kuma akwai ta biyu a kanta. Wani abin da ya keɓanta da wannan yanki shi ne, kafin 27 ga Agusta 1991 duk ƙasar nan Jihar Kano ce, don haka tsofaffin takardu da sunan Kano suka fito, sai a tabbata suna da gurbi a rajistar Jigawa.

Sai dai yawancin gidajen Roni da Gwiwa da ƙauyukan Ɓaɓura ba su taɓa ganin ƙofar banki ba. Jinginarsu ta gargajiya ce: an karɓi kuɗi wajen wani attajiri, ko hatsi da bazara da alkawarin biya da kaka, an ba da takardar ciniki mai hatimin dagaci, wani lokaci ma baki da baki kawai. Irin wannan ba ta cikin kowace rajista, sai dai a bakin mai unguwa da liman da maƙwabta, kuma su ya kamata a tambaya tun kafin a taya. Ga kuma batun gado, wanda ya fi kome cika kotunan shari'a. Idan mai gidan ya rasu, bashi ake fara biya kafin a raba, babban ɗa kuwa ba shi da ikon sayar da rabon ƙannensa mata ko na marayu don kurum makulli yana hannunsa. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin shuf'a, watau su biya abin da baren ya biya su karɓe, kuma wanda yake gari yana sane yana da kimanin shekara guda kafin haƙƙin ya faɗi. Mutum na iya yin fenti ya sa tayil, sa'an nan sammaci ya iso.

Akwai masu jin nauyin sayen gidan matsattse, suna ganin kamar cin naman ɗan'uwa ne. Malamai sun rarrabe tsakanin wanda aka tilasta wa sayarwa bisa zalunci, wanda cinikinsa bai lizimce shi ba, da wanda bashi na gaskiya ya sa ya sayar, wanda cinikinsa ya inganta. Hasali ma mai saye da ya taya da mutunci ya fi gwanjo alheri ga mai gida, gama a gwanjo ba a duban fuskar kowa. Abin ƙi shi ne a haɗa baki da dillali a kore sauran masu tayi har wa'adi ya ƙure.

Ma'aikacin da ke dogara da Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ana yankar kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashi, yana iya neman rancen Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Amma rancen yana buƙatar takardar mallaka tsarkakakkiya, kuma fitowarsa takan ɗauki watanni, alhali wa'adin da aka ɗibar wa mai gida na makonni ne. Wanda zai bi wannan hanya sai ya nemi a rubuta masa isasshen lokaci cikin wasiƙar bankin da ke bin bashi, a kuma sa ranar da iyalin da ke ciki, ko 'yan hayar da suka riga suka biya kuɗin shekara, za su miƙa makulli.