Ko Kun Sani? Dakashi da Ƙishin Jariri

Ko kun san cikin jariri, ranar da ya zo duniya, abin da yake ɗauka bai wuce mililita 5 zuwa 7 ba, wato kamar cokalin shayi guda? Shi ya sa ɗan dakashin nan mai kauri, ruwan ɗorawa, da ke fara zuwa wa maijego yake isar sa. A ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo ba a rasa kakar da za ta ce a matse shi a zubar, wai gurɓatacce ne, a ba yaro nonon akuya kafin na uwa ya kawo. Alhali dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko, kuma shi ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko.

Rigimar ba jariri ruwa kuwa ta fi zafi a bazara. Rana ta haura digiri 40, gumi na tsiyaya a wuyan jariri, wace uwa ce zuciyarta ba za ta raya mata ta ɗiga masa ruwan randa ba? To, kusan kashi 87 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Na randa kuwa cika masa ciki zai yi ya rage tsotso, idan kuma daga gulbin Rima aka ɗebo, gudawa na iya biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Ruwan, uwar ce za ta sha, ta ɗora da kununta.