Rediyo da Gejin Tsohuwar Mota: Abin da Za a Duba Kafin a Sayi Sabo

A shekarar 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, na Volkswagen kuwa a Legas. An daɗe da daina haɗa irin waɗancan samfura, amma har yanzu Peugeot 504, wadda direbobi ke kira Fijo, tana nan tana jigilar mutane da kaya tsakanin ƙauyuka da kasuwanni. Injin irin waɗannan motoci yana da juriya ƙwarai. Abin da ya fi gajiya a jikinsu shi ne wayoyin lantarki, domin zafin rana da ƙura da ruwan damina sun yi shekaru suna cinsu. Saboda haka sai ka tarar rediyo ya yi shiru, allurar gejin mai ta kwanta, mai mota kuwa ya tafi kasuwa ya sayo sabo, alhali na jikin motar lafiyarsa ƙalau. An bar jaki ana dukan taiki. Wannan bayani ya shafi motocin da ba su da kwamfuta ne. Na zamani sai an kai wa mai na'urar bincike.

Hanyar da wuta ke bi

Wutar mota takan fita daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi waya ta ratsa fis, ta shiga rediyo ko geji ko fitila. Komawarta kuwa ba ta waya take yi ba. Ƙarfen jikin motar shi ne hanyarta, domin ɗaya kan batir, mai alamar ɗebewa, a jikin bodi aka ɗaure shi. Ko wace na'ura tana da 'yar wayarta da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfe, inji ma yana da tasa mai kauri. Idan tsatsa ko fenti ko baƙin mai ya shiga tsakanin waya da ƙarfen, wuta ta rasa hanyar komawa ke nan, sai ta nemi wata ta cikin na'urar da ke kusa. Nan ne ake ganin abin al'ajabi: a kunna fitilun gaba, allurar zafi ta tashi; a taka burki, rediyo ya ɗauke. Duk sa'ad da na'urori biyu ko uku suka rikice lokaci guda, wayar bodi ce abin zargi na farko. A kwance notin, a goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tamau, sa'an nan a shafa ɗan giris a bisa. Kafin a taɓa kome, a fara cire kan batir mai alamar ɗebewa, shi ne kuma za a mayar a ƙarshe.

Batir da fis

Batir mai lafiya, idan inji na kashe, yakan nuna bolt 12.6 ko kusa da haka a ma'aunin lantarki. Idan inji na aiki ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Abin da ya gaza haka, altaneta ba ta caji sosai, ko kuwa fanbel ya saki. Abin da ya haura 15 kuwa zai ƙona ƙwayayen fitilu ya lalata rediyo. Akwai wata al'ada da ta yaɗu, watau a cire kan batir inji na aiki wai don a gane ko altaneta na caji. Wannan ɓarna ce tsantsa. Batir shi ke danne ƙarfin wutar. Da an cire shi sai ta yi tsalle, ta iya ƙona altanetar da rediyon duka.

Fis kuwa an yi shi ne domin ya tsinke a madadin waya. Irin na tsofaffin motocin Turai, mai tsini a kai biyu, sau da yawa ba ya ƙonewa, bakinsa ne ke yin datti. A juya shi a mazauninsa, a goge, sai wuta ta dawo. Idan ya tsinke, a sa mai lamba daidai da tasa. Idan sabon ma ya tsinke nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ita za a nema. Naɗa wa fis takardar taba mai ƙyalli ko zaren waya shi ne hanya mafi sauƙi ta ƙona mota ƙurmus.

Gejin zafi da fitilar baƙin mai

Rediyo in ya mutu, nishaɗi kawai aka rasa. Waɗannan biyu kuwa ran inji ne, wanda ya yi tafiya ba su, tamkar makaho ne ba sanda.

A jikin inji, kusa da inda babban tiyon lagireto ke fita, akwai wani ɗan ƙarfe mai waya ɗaya wanda ke jin zafin ruwa ya aika wa geji. Idan allura ba ta motsi ko kaɗan, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba, a zare wayar nan a taɓa ta a jikin inji na daƙiƙa ɗaya ko biyu. In allura ta zabura zuwa wajen ja, to geji da waya lafiya lau, ɗan ƙarfen ne ya mutu, kuma ba shi da tsada. In ba ta motsa ba, a bi wayar zuwa dashbod. Kada a daɗe ana taɓawa, gejin na iya ƙonewa.

Akwai wani abu da direbobi da yawa ba su sani ba. Ɗan ƙarfen nan zafin ruwa yake aunawa, saboda haka idan ruwan lagireto ya tsiyaye gaba ɗaya, yana iya barin allura a ƙasa alhali inji na dahuwa. Allurar da ta hau sa'an nan ta faɗo da kanta ana cikin tafiya ba albishir ba ce. A tsaya, a kashe inji, a jira ya huce kafin a buɗe murfin lagireto, domin tururin yana sale fata. Volkswagen mai kamar ƙwaro ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta, don haka jar fitilar caji ita ce mai tsaronta: bel ɗin da ke juya dinamo shi ke juya fanka, in ya tsinke fitilar ta kama, wajibi ne a tsaya nan take.

Fitilar baƙin mai da ta caji, dole su kama da an murɗa makulli, su mutu da inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ba lafiya take nunawa ba, ƙwanta ne ya mutu ko wani ya cire shi. Mai sayen tsohuwar mota ya lura da wannan da kyau. A motoci da yawa ma, ta cikin ƙwan fitilar caji altaneta ke samun 'yar wutar da take fara aiki da ita, har mutuwar ƙwan kaɗai na iya hana caji.

Gejin mai da maleji

A cikin tanki akwai wata 'yar kwalba mai yawo bisa mai, ita ke gaya wa geji yawansa. A zare wayarta, allura za ta tafi ƙarshe ɗaya. A taɓa ta a bodi, ta koma ɗaya ƙarshen. In ta yi haka, laifin yana cikin tanki, ko kwalbar ta huje ta nutse. Ba a kusantar wurin da ashana, ko fitilar kwai, ko taba. Wasu motocin Ingila irin su tsohuwar Land Rover suna da ɗan akwati a bayan dashbod mai daidaita wuta a bolt 10. In gejin mai da na zafi suka yi ƙarya tare, shi za a duba. Allurar maleji mai rawa kuwa ba ruwan lantarki, igiyarta ce ta bushe ko ta lanƙwashe.

Rediyo da amfilifaya

Yawancin rediyon da ake saye a kasuwa suna da wayoyin wuta uku: ruwan ɗorawa zuwa batir kai tsaye, ja zuwa makulli, baƙa zuwa bodi. Rediyon da ke mance tashoshinsa da agogonsa duk lokacin da aka kashe mota, an sauya masa ja da ruwan ɗorawa ne. Wanda ke kawo wuta ba murya, a duba wayoyin sifika, musamman inda suke shiga ƙofa, domin nan suke karyewa. Wanda kaset ko waƙar waya ke fita sarai amma tasha ba ta kamuwa, eriya ce. Gindinta ma yana bukatar taɓa ƙarfe mai tsabta. Tsofaffin rediyo suna da wani ɗan sukuru kusa da ramin eriya: a kamo tasha mai rauni a matsakaicin zango, wajen kilohaz 1400, a juya shi sannu har murya ta ƙaru.

Ƙara kuma iri biyu ce, kunne na iya rarrabewa. Kuka mai tsini da ke hawa idan an taka totur daga altaneta yake. Ƙas-ƙas mai bin bugun inji kuwa daga fulogi da wayoyinsa yake, maganinsa a sa wayoyin fulogi masu hana ƙara.

Amfilifaya ba ta zo da waɗannan motoci ba, ƙari ne, wutar da take sha kuwa na iya fin ta fitilun gaba. Tana bukatar waya mai kauri daga batir, da fis nata na kanta wanda bai wuce santimita 45 daga batir ba, da gajeriyar wayar bodi mai kauri ɗaya da ta wuta. Wata siririyar waya, yawanci shuɗiya, ita ke tashe ta idan an kunna rediyo. In aka haɗa ta da batir kai tsaye, amfilifaya ba ta barci, da safe a iske batir ya sauka. Idan tana ɗaukewa da an ƙara murya, ko dai zafi ya yi mata yawa, ko an tara mata sifiku: biyu masu om 4 a kan baki ɗaya sun zama om 2, ba ko wace ke jure wannan ba. Wayar murya kuma a bi da ita ta gefe ɗaya na mota, ta wuta ta ɗaya gefen, kukan altaneta zai ragu.

In an yi duk wannan abin bai gyaru ba, ko aka ji ƙaurin roba, a cire kan batir a kira mai gyaran wayarin mota. A gaya masa lokacin da abin ke faruwa, da sanyin inji ne ko da zafinsa, da fitila a kunne ko a kashe, a kan kwalta ko a gargada. A kuma nemi ya auna na'urar a gabanka kafin ya ce a sauya ta, ya miƙo maka tsohuwar in an sauya.