Zafi a Cikin Kwamfuta: Zaɓen Masanyayi da Jera Fankoki

Mutum baligi da ke zaune ba ya aikin komai, jikinsa na fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100, ta fatar da faɗinta ya kusa murabba'in mita 2. Shi kuwa furosesa, wato ɗan abin nan da ake yi wa laƙabi da ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙwayar silikon da ke cikinsa ba ta kai faɗin kan sarkin da ake manna wa wasiƙa ba, amma akwai irinsa da ke fitar da zafin mutum biyu da rabi. Furosesan Core i9-13900K, wanda kamfanin Intel ya fitar a 2022, yakan ja wuta har wat 253 idan aiki ya yi aiki. Kakansa Pentium na 1993 kuwa kimanin wat 15 yake ci.

Asalin zafin ba boyayye ba ne. A cikin furosesa akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira taransista, suna buɗewa suna rufewa sau biliyoyi a kowane sakan, kuma kusan duk wutar da suka ci zafi take komawa. Idan zafin ya doshi digiri 95 zuwa 100 a ma'aunin Selshiyas, furosesan zamani yakan rage saurinsa da kansa don kada ya lalace, kamar yadda dabba kan nemi inuwa ta kwanta in rana ta take. Idan hakan bai wadatar ba sai ya kashe kwamfutar baki ɗaya. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake zargin sun tsufa, ko ƙwayar cuta ta kama su, zafi ne kawai ya sa suka zama hawainiya. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga makarantar da ta yi ta faman tara kuɗi ta kafa ɗakin kwamfuta, balle a ƙasar da tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, masanyayin iska, wato ƙarfen nan mai fanka da ake ɗaure wa furosesa a ka, ba ya ƙirƙirar sanyi. Ɗan dako ne kawai: ya ɗauki zafi nan, ya sauke can. Fankar ɗaki tana sanyaya mutum ne domin yana gumi. Kowane giram ɗaya na gumin da ya bushe yakan tafi da zafin da ya kai kimanin jul 2,400, shi ya sa jiki ke iya zama a digiri 37 ko da iskar gari ta fi haka. Sanyin ruwan randa ma daga nan yake. To furosesa ba ya gumi. Saboda haka ko fanka goma aka sa masa, ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin iskar ɗakin da yake ciki ba.

Wannan magana tana da nauyi a ƙasar Hausa. Masu gwada masanyaya a Turai da Amurka galibi a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba suke aikinsu. Alal misali, idan an ce wani masanyayi ya riƙe furosesa a digiri 75 cikin ɗaki mai digiri 22, abin da za a riƙe shi ne tazarar da ke tsakani, wato 53. A kai wannan kwamfutar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, a ajiye ta a ɗakin da ya kai digiri 40, sai lissafi ya ba da 93. Masanyayin da ya ishe Bature da rara, a nan bakin gaɓa yake.

Yadda zafi ke tafiya

Tashar farko ita ce tsakanin murfin furosesa da gindin masanyayi. Ido yana ganin su sumul, amma a madubin ƙara girma cike suke da ramuka da tuddai, kuma iskar da ta maƙale a ramukan mugun shinge ce, domin jan ƙarfe ya fi iska iya wuce da zafi fiye da sau dubu goma. Shi ya sa ake shafa wani mai toka-toka a tsakani, ya kore iskar ya cike ramukan. Shi kansa man bai kama ƙafar ƙarfe ba wajen wuce da zafi, don haka ba a lafta shi kamar man shanu a tuwo. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake a tsakiya yakan wadatar ga yawancin furosesoci, matsin ɗauri shi zai baje shi.

Daga gindi sai bututun zafi, kuma a nan ne hikimar abin take. Wanda ya ga waɗannan bututai na jan ƙarfe zai ɗauka sanduna ne kawai. A'a, cikinsu rami ne da aka zuƙe wa iska, aka zuba ɗan ruwa kaɗan, sa'an nan aka toshe. Ɗaliban kimiyya sun san cewa idan matsin iska ya ragu ruwa kan tafasa da wuri; a Jos ma, saboda tudu, a wajen digiri 96 yake tafasa maimakon 100. A cikin bututun matsin ya yi ƙasa ƙwarai, har ɗumi kaɗan ya isa ya mai da ruwan tururi. Tururin sai ya ruga can ƙarshen da ya fi sanyi, ya sauke zafinsa, ya koma ruwa. Jikin bututun daga ciki an lulluɓe shi da garin jan ƙarfe da aka gasa ya manne, mai ƙananan kafofi, shi ke tsotso ruwan ya dawo da shi gindi kamar yadda lagwani ke jawo kananzir a fitila. Wato gumi ne da aka kulle a kwalba, yana bushewa yana dawowa, ba ya ƙarewa. George Grover, masani a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, shi ya fito da bututun zafi na zamani a 1963, kuma jiragen da ake harbawa sararin samaniya na daga cikin waɗanda suka fara morarsa.

Tasha ta uku ita ce siraran faya-fayan alminiyam da aka jera bisa bututan. Amfaninsu faɗi ne. Giwar Afirka tana tura jini mai zafi cikin faffaɗan kunnuwanta, ta riƙa kaɗa su, jinin ya huce ya koma jiki. Bututai su ne jijiyoyin, faya-fayai su ne kunnen, fanka kuwa ita ce kaɗawar.

To wanne za a saya? Furosesa mai wat 65, irin Ryzen 5 5600, yakan zo da ɗan masanyayinsa a kwali, mai hura iska ƙasa. Ya isa aikin ofis da na aji, sai dai in bazara ta kankama yakan cika ɗaki da ƙara. Wanda ya fi dacewa da yawancin mutane shi ne mai siffar hasumiya guda, da bututai 4 da fanka mai faɗin milimita 120, irin Hyper 212 na kamfanin Cooler Master. Manyan furosesoci da ake sa wa aikin haɗa fim ko zanen gini su ke bukatar tagwayen hasumiya masu bututai 6 da fanka biyu, irin NH-D15 na kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, ko Peerless Assassin na Thermalright. A yi hattara da lambar wat da ke jikin kwali. Shi Core i9 da aka ambata, 125 ce lambarsa ta tushe, alhali yana iya cin ninkinta. Su ma masu ƙera masanyaya babu wani ma'auni guda da suka yi ittifaƙi a kai, kowa da mudunsa yake awo. Ga mazaunin ƙasa mai zafi, hankali shi ne ya ɗauki wanda ya ɗara bukatarsa da mataki ɗaya.

Akwai kuma masanyayin ruwa mai famfo, wanda samari ke sha'awa saboda kwalliya. Yana aiki, amma famfo kan mutu, kuma ba a gyara shi. Na iska kuwa fanka ce kaɗai ke motsi a jikinsa, in ta lalace a sayo wata a ɗaura. Ga makaranta wannan hujja ta isa.

Kafin a biya kuɗi sai a ɗauko ruler awo. NH-D15 tsawonsa milimita 165 ne, nauyinsa ya haura kilo ɗaya, kuma akwatuna da yawa ba za su rufu a kansa ba. Kowane akwatin kwamfuta yana da iyakar tsawon masanyayin da zai ɗauka, a rubuce cikin takardarsa. A duba kuma ko fankar gaba za ta danne sandunan ram, in dogaye ne. Sai mazaunin furosesa a jikin babban allo: na AMD su ne AM4 da AM5, na Intel na baya-bayan nan LGA1700 da LGA1851, kuma dole ƙarafan ɗaurin da ke cikin kwali su dace da wanda ake da shi. Wajen ɗaurawa, a ɓare ledar da ke manne a gindin masanyayi, domin mantawa da ita kuskure ne da ko gwanaye kan yi. Notuna kuma a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai mai kallonta, har su zauna daidai.

Iska ta shiga, iska ta fita

Duk wannan ɗawainiya, zafi bai bar gida ba tukuna. Daga furosesa ya koma cikin akwati ne kawai, inda katin hoto ma ke zuba nasa, wanda sau da yawa ya fi na furosesan. Idan iskar ba ta fita, masanyayi zai yi ta shaƙar abin da ya fitar.

Ga ɗan lissafi da malamai za su iya bai wa aji. Iska mai cika murabba'in mita ɗaya ta kowane ɓangare, wato lita 1,000, nauyinta kimanin kilo 1.2 ne, kuma in ta ƙara ɗumi da digiri 10 takan ɗauke jul 12,000. Kwamfutar da ke cin wat 300 tana zubar da jul 300 a kowane sakan. A raba, sai a ga tana bukatar lita 25 na sabuwar iska a kowane sakan, wato jarka guda cur, ba tsayawa. Fanka biyu ko uku masu milimita 120 za su iya wannan cikin sauƙi, muddin hanya a buɗe take.

Maginan gargajiya sun san ɗakin da tagarsa ke kallon ƙofa ya fi shan iska. Haka akwati yake: iska ta shigo ta gaba, ta ratsa masanyayi, ta fice ta baya, hanya ɗaya miƙaƙƙiya. Fanka biyu a gaba suna shigarwa, ɗaya a baya tana fitarwa, fankar hasumiya kuma tana hurawa daga gaba zuwa baya. Wannan tsari ya ishe mafi yawan kwamfutoci. In za a ƙara ta sama, ta zama mai fitarwa, kuma a matsar da ita can baya. Wadda aka sa a sama ta wajen gaba ɓarauniya ce, tana sace sabuwar iska tun ba ta isa furosesa ba. Gaskiya ne iska mai zafi sama take yi, amma ƙarfin wannan tashi bai taka kara ya karya ba a gaban fanka. Bayan fanka ta uku ko ta huɗu, abin da ake ƙarawa galibi ƙara ce da fitilu masu launi. Akwatin da aka toshe gabansa da gilashi kuwa, ko an cika shi da fankoki, mai mura ne da ke numfashi da toshasshen hanci; mai raga a gaba ya fi shi nesa ba kusa ba.

Gane inda fanka ke hurawa ba wuya. Iska na fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe injin, kuma wasu suna da kibiya a gefe. Mai kokwanto ya kunna turaren tsinke ya kusantar, hayaƙi zai nuna masa. Babbar fanka mai milimita 140 da ke juyawa a hankali tana tura iska daidai da ƙarama mai gudu, ba tare da hayaniya ba. Mai ƙafa huɗu a soket kuma ta fi mai uku, domin babban allo yana iya sarrafa saurinta daki-daki gwargwadon zafi.

Saura ƙura, wadda a lokacin hunturu ba ta bar kowa ba. Idan fankokin fitarwa sun rinjayi na shigarwa, matsin iska a cikin akwati yakan ragu, sai ya riƙa zuƙar iska ta kowace kafa da tsaga, da ƙurarta da komai. Idan kuwa masu shigarwa ne suka ɗan rinjaya, kuma akwai matacin ƙura a gabansu, to iska ta ƙofa guda take shiga a tace, ta tsagogin kuma fita take yi. Bambancin numfashi ta hanci ke nan, inda gashi da majina ke tare ƙura, da numfashi ta baki. A wannan yanki tsari na biyu shi ne daidai, ko da zai ƙara digiri ɗaya ko biyu. Amma mataci in ya toshe ya zama bango, don haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa cire shi ana kakkaɓewa duk bayan mako biyu ko uku.

Al'adar nan ta cire murfin gefe a kafa wa kwamfuta fankar tsaye tana rage zafi na ɗan lokaci, ba a musu. Sai dai tana rusa hanyar iska, tana kuma ɗura ƙura kai tsaye cikin faya-fayai, har su yi kauri kamar an lulluɓe su da bargo. Gara a ɗaga akwati daga ƙasa a ɗora bisa tebur, a bar tazarar taƙi guda tsakanin bayansa da bango. In za a hure ƙura, a kashe wuta tukuna, a kuma dafe fukafukan fanka da yatsa, don iska mai ƙarfi kan juya ta fiye da kima ta lalata mata gindi.

Bayan an gama haɗawa sai awo. Manhajar HWiNFO, wadda ake samu kyauta don amfanin kai, tana nuna zafin furosesa da saurin kowace fanka. A ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi na minti 20, da tsakar rana, a ɗakin da za ta zauna, murfi a rufe. Idan lamba ta tsaya ƙasa da 85 a watan Afrilu, babu abin damuwa. Idan ta haura 95 cikin 'yan sakanni da fara aiki, a kwance masanyayi a duba leda da mai da notuna. Idan kuwa a hankali take hawa, minti bayan minti, kuma ta sauko da zarar an buɗe murfin gefe, to masanyayi ba shi da laifi, fankokin akwati za a sake wa tsari.