Gurzuwa ko Tsaga: Tarar Gudu da Neman Aiki a Amurka

Matar da ta san kan tukunya ba ta saye sai ta ƙwanƙwasa. Za ta ɗora ta a tafin hannu, ta buga da bayan yatsa tana sauraro. Baƙin wuta a gefe ko 'yar gurzuwa a baki ba sa hana ciniki, amma in ta ji sautin ya dushe ta san akwai tsaga, sai ta ajiye. Haka mai ɗaukar ma'aikata a Amurka yake yi wa tarihin mai neman aiki. Abin tausayi shi ne mutumin da bai san ko takardar da ɗan sanda ya miƙa masa kan gudun wuce sa'a gurzuwa ce ko tsaga ba.

Dokar hanya a can ta jiha-jiha ce. A Kalifoniya da Niyok, gudun da ya ɗan wuce ƙima saɓa ƙa'ida ne kawai: ka biya tara, a sa maka maki a lasisi, amma doka ba ta lissafa ka cikin masu laifi. A Tekzas ƙaramin laifi ne na matakin ƙasa, hukuncinsa tara ba ɗauri. Bajiniya kuwa ba ta wasa. Wanda ya zarce iyakar gudu da mil 20 a awa, ko ya haura mil 85, tuƙin ganganci ya yi, kuma alƙali na iya ɗaure shi har wata 12 da tarar da ta kai dala 2,500. Wannan kam tsaga ce, tana shiga kundin masu laifi, mai bincike na iya ganin ta. Sannan a yawancin jihohi, biyan tara ba tare da zuwa kotu ba amsa laifi ne.

Fom ɗin neman aiki yakan tambaya ko kotu ta taɓa samunka da laifi, sau da yawa ya ƙara da cewa ban da ƙananan laifukan hanya. Mai tarar Kalifoniya zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa. Wanda aka samu da ganganci a Bajiniya in ya ce a'a, ya shafe tsaga da laka ke nan. Ranar da bincike ya tono ta, ƙaryar ce za ta kore shi, ko da gudun kansa abin yafewa ne.

Kuma aibin tukunya ya danganta da aikin da za ta yi. Wadda za a zuba wa gero tana iya wucewa da ɗan lahani, randar ruwa kuwa ko ɗigo ba a yafe mata. Direban babbar mota randa ne. Dokar tarayya ta wajabta masa ya lissafa laifukan hanyarsa na shekara 3 yayin neman aiki, ya kuma sanar da ubangidansa duk sabon hukunci cikin kwana 30. In kotu ta same shi sau biyu cikin shekara 3 da laifin zarce iyaka da mil 15 a babbar mota, za a dakatar da shi daga tuƙa ta kwana 60. Mai neman aikin gwamnati da ya shafi sirrin tsaro ma sai ya bayyana tarar hanya da ta kai dala 300, ko duk wadda ta haɗa da giya ko ƙwaya.

Don haka 'yan uwanmu da ke neman na kansu a can, kada wanda ya cike fom da zato. A nemi takardar tarihin tuƙi daga ofishin lasisi na jiha, a duba bayanan kotun da ta yanke tarar, a karanta tambayar da kyau, sannan a amsa abin da aka tambaya, ba ƙari ba ragi.