Barin Taba Kafin Shiga Ɗakin Fiɗa

Mai fama da matsananciyar ƙiba, wanda za a yi wa fiɗa don rage girman cikinsa, likitoci kan gindaya masa sharaɗin barin taba sigari, galibi makonni 6 kafin ranar aikin. Dalili kuwa, nikotin yana tsuke jijiyoyin jini, sai ɗinki ya yi jinkirin warkewa, har gyambon ciki ya biyo baya. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ko makonni 4 suna rage haɗarin fiɗa. Wasu asibitoci har fitsari sukan auna, in an ga alamar taba a ɗage aikin.

Amma babbar wahalar tana zuci. Kwanaki ukun farko sun fi tsanani: ga saurin fushi, ga ƙunci, ga rashin barci. Wanda ya bar taba yakan huce a kan abinci, shi kuwa wannan an taƙaita masa ci. Abin lura shi ne, kwaɗayin mintoci kaɗan yake yi ya lafa, tattaki ko kurɓar ruwa kan taimaka. Cikin wata guda ƙuncin yakan sassauta. Wajibi ne iyali su yi haƙuri da shi, in kuwa baƙin cikin ya ƙi wucewa, a sanar da likita.