Sauyin Damina Da Lissafin Masara

Duk mai kiwon kaji a jihohin Oyo da Ogun, ko ɗan sari a kasuwar Bodija ta Ibadan, ya san cewa farashin buhun masarar da zai saya ana yanke shi ne tun a gonakin Saminaka da Giwa da Funtuwa, watanni kafin motar kaya ta ɗauki hanyar kudu. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, manoman waɗannan wurare sun daɗe da sake lissafinsu, domin daminar da suka gada ba ita ce suke gani a yau ba.

Bayan farin 1973 da na 1984, ruwa ya ɗan farfaɗo a yankin Sahel, amma da wani sabon hali. Binciken da aka buga a 2017 ya nuna cewa yawan aukuwar ruwa mai tsananin ƙarfi a yankin ya ninka sau uku tun daga 1982. Ga manomi, ma'anar wannan ita ce ruwan farko ya yaudare shi ya yi shuka, sa'an nan sama ta ɗauke har mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone, iri da kuɗin ƙwadago su bi iska. In kuma ruwan ya dawo, sai ya zo gaba ɗaya ya wanke taki, ko ya kwantar da gona, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 wadda ta hallaka mutane fiye da 600 a ƙasar nan.

Babban matakin da manoma suka ɗauka shi ne canza iri. Masarar da aka saba da ita takan ɗauki kwana 110 zuwa 120 kafin ta nuna. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, tare da cibiyar IITA ta Ibadan, sun fito da ire-iren da ke nuna cikin kwana 90 zuwa 95, har ma da na kwana 80 zuwa 85, da kuma masu jure fari da ƙuduji. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sunan SAMMAZ. Wannan ne ya sa masara ta kutsa har yankunan da a da gero da dawa kaɗai ake sanin su da su.

To amma a harkar tattalin arziki babu riba kyauta. A shekarar da damina ta yi kyau, iri mai gajeren zango ba ya kai mai dogon zango yawan amfani. Ashe ke nan manomin da ya zaɓe shi ya sadaukar da 'yan buhuna ne domin ya kuɓuta daga asarar gona ɗungurungum, wato wani nau'in inshora ne yake biya da hatsi maimakon kuɗi. A ganina cinikin bai faɗi ba, musamman da yake masararsa kan fito tun cikin watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, farashi kuma yana sama. Inda gizo ke saƙa shi ne irin aure, wanda dole a sake sayensa kowace shekara. Wanda ya ɗebi iri daga abin da ya girbe, amfaninsa raguwa zai yi, kuma jabun iri bai ƙare a kasuwanni ba.

Sauran dabarun ba su da tsada haka. Wasu na jinkirta shuka har ƙasa ta jiƙu sosai, suna sauraren hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara. Wasu na raba takin zamani kashi biyu maimakon zuba shi lokaci ɗaya, su kuma binne shi a gindin shuka don kada ruwa ya tafi da shi. Haɗa masara da wake ko waken soya, wanda ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, ya sake samun daraja, tunda in ɗaya ya ƙi ɗaya zai yi.

A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta amince da nau'o'i huɗu na masarar TELA, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta domin ta jure tsutsar da ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, ta kuma jure fari daidai gwargwado. Amincewar ta jawo muhawara mai zafi, har a Majalisar Wakilai.

Ga 'yan kasuwa, abin lura shi ne kaka ta daina zuwa rana ɗaya. Sabuwar masara kan fara shiga kasuwa da wuri, alhali ruwa bai ɗauke ba, don haka takan zo da danshi. Wanda ya loda ta a sito ba tare da ta bushe ba, zai iya buɗe buhu ya tarar ta yi funfuna, kuma kamfanonin abincin kaji da ke auna danshi kafin su biya sukan mayar da irin wannan kaya, ko su karya masa farashi.